Gidan Uppark: Yadda Aka Tashe Shi Daga Toka

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san gaskiyar wannan magana, domin ya ga yadda akan kwaɓa ƙasa a yi yaɓe kafin damina ta faɗi, ya kuma ga yadda soron da aka bari ba kula yakan zube shekara biyu ko uku bayan mai shi ya kau. A wannan mako muna so mu kai ku Ingila, ku 'yan makaranta, mu ba ku tarihin wani gida da ya shekara fiye da 300 a tsaye. Masu sarauta da masu dukiya su suka gina shi suka ƙawata shi. Amma in kun bi labarin a hankali za ku ga sau uku yana kaiwa bakin halaka, kowane karo kuwa masu haƙuri da aikin hannu ne suka cece shi.

Tun da can al'adar manyan Ingila ce kowa ya yi babban gida a ƙauye, a tsakiyar gandunsa, kamar yadda sarakunan Kano ke da gidaje a Fanisau da Ɗorayi, bayan gari. Irin wannan gida yana tafe da gonaki da kurmi da makiyaya, da manoma masu biyan haya, da barori masu yawa. Wanda za mu ba ku labari sunansa Uppark, watau makiyayar bisa tudu. Yana cikin lardin Sussex ta Yamma, a kudancin ƙasar, bisa tuddan alli da ke kan ƙauyen South Harting. Ran da gari ya yi garau, wanda ya tsaya a gabansa yakan hango teku.

Wanda Ya Gina Shi

Wajen 1690 aka gina gidan, da jan tubali gasasshe da farin dutse. Mai shi wani basarake ne, Ford Grey, mutum mai tarihi ba mai daɗin ji ba. A 1685 ya bi Monmouth, ɗan Sarki Charles na 2, wanda ya yi wa baffansa Sarki James na 2 tawaye. Grey ne shugaban dawakai ran yaƙin Sedgemoor, aka kuwa fatattake su. Aka kama Monmouth aka fille masa kai. Shi Grey ya fanshi wuyansa da kuɗi masu yawa, da kuma ba da shaida a kan abokan tafiyarsa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya: ba a jima ba James ya rasa gadon sarauta, Grey ya sami shiga wurin sabon Sarki William na 3, har a 1695 aka ƙara masa girma.

Za ku yi tambaya, me ya hana mutanen da suka riga shi yin manyan gidaje bisa irin wannan tudu? Ruwa ne. Alli yakan shanye ruwan sama nan da nan, saboda haka galibin gidajen da a kwari suke, kusa da rafi. Kakan Grey na wajen uwa, Sir Edward Ford, gwani ne wajen ƙera injin ɗaga ruwa, har ya yi wa birnin Landan wanda ke ɗebowa daga kogin Tems. Da irin wannan dabara aka hau da ruwa bisa tudun Uppark. Ku lura tun daga nan, da ba don fasahar maƙeri ba, da basaraken bai sami inda zai kafa alfarmarsa ba.

Uba Mai Tarawa, Ɗa Mai Watsarwa

A 1747 aka sayar da gidan da gandunsa ga Sir Matthew Fetherstonhaugh, wani saurayi daga arewacin Ingila wanda ya gaji dukiya mai yawa daga wani danginsa. Sunan yana da wuyar faɗi, saboda haka za mu riƙa ce masa Sir Matthew. Shi da matarsa Sarah suka tashi a 1749 suka yi shekara biyu suna yawo a Turai, musamman Italiya, suna sayen zane-zane da kayan ɗaki. A birnin Rum wani shahararren mai zane, Pompeo Batoni, ya zana surarsu. Da suka komo suka sa aka yi wa rufin ɗakunan ado na sassaƙen farar ƙasa, ganyaye da furanni, aka shafa ruwan zinariya, aka rataya labulen alharini. Sarah kuma ta zo da wani ɗan gidan wasa na 'yar tsana mai hawa uku, kome na ciki ƙarami, har da kwanonin azurfa.

Sir Matthew ya rasu a 1774, ɗansa tilo, Sir Harry, ya gaje shi yana ɗan shekara 19. Abin da uba ya tara da lissafi, ɗa ya shiga watsarwa ba lissafi: sukuwar dawaki, caca, da liyafa ba dare ba rana. Babban abokinsa shi ne Yariman Ingila wanda daga baya ya zama Sarki George na 4, yakan zo Uppark a yi kwanaki ana shagali. Akwai kuma abin kunya da ba za mu ɓoye ba. Sir Harry ya ajiye wata yarinya matalauciya, Emma Hart, da ta sami juna biyu a 1781 sai ya sallame ta. Ita ce daga baya duniya ta sani da sunan Lady Hamilton.

Da girma ya fara kama shi ya janye daga fada, ya mai da hankali ga gandunsa. A 1810 ya kira Humphry Repton, gwanin tsara lambu. Dabarar Repton ita ce ya zana wuri yadda yake, ya liƙa 'yar takarda a kai, in an ɗaga ta sai a ga yadda wurin zai koma bayan gyara. Yakan haɗa zanen cikin littafi mai jan bango. Shi ya sake fasalin mashigar gidan ya yi mata ginshiƙai, ya tsara hanyoyi da itatuwa, ya kuma ƙawata ɗakin da ake sarrafa madara.

Mai Aikin Madara Ta Zama Uwar Gida

A wannan ɗakin madara ne tarihin gidan ya juya. Ana ba da labari wata rana Sir Harry, ya tsufa bai taɓa aure ba, ya ji wata yarinya tana waƙa tana aikinta. Sunanta Mary Ann Bullock, 'yar talakawan wurin. Ya ce yana son ta da aure, amma kada ta amsa nan take: in ta yarda, ta yanki tsoka ɗaya daga cinyar ragon da za a kai masa ran nan. Da aka kawo akushi sai ga cinya da yanka. Aka ɗaura aure a 1825, yana da shekara 70, ita kuwa ba ta wuce 21 ba. Ya aika da ita Faris ta yi karatu. Manyan lardi suka yi ta dariya, barori ma suka riƙa yi mata kallon reni. Duk da haka suka zauna shekara 21 lafiya, har ya rasu a 1846 ya bar mata kome.

To, a zamanin nan na Sarauniya Victoria masu kuɗin Ingila sun ɗauki yayin fasa tsofaffin ɗakuna su zuba kayan zamani, gidaje da yawa suka rasa kamanninsu na asali. Mary Ann ta ƙi. Ta ce yadda mijinta ya bar gidan haka zai zauna. Ba ta sake labule ba, ba ta sayar da zane ba, sai shara da goge-goge da rufe tagogi saboda rana. Ta rasu a 1874, ƙanwarta Frances ta karɓa ta bi sawunta har 1895. Ashe ɗan hakin da aka rena shi ya tsare dukiyar da 'ya'yan sarauta suka kusa salwantarwa. Wannan shi ne ceto na fari.

A zamanin Frances, daga 1880 zuwa 1893, shugabar barorin gidan wata mace ce, Sarah Wells. Ɗanta yakan zo ya zauna wurinta a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Yaron ya sami izinin ɗaukar littattafan gidan, ya kuma tsinci wani tsohon madubin hangen taurari a ɗakin sama ya harhaɗa shi. Ya ga yadda barori ke kai da kawowa ta ramukan da aka haƙa tsakanin madafa da babban gida, don kada iyayen gida su gan su. Wannan yaro shi ne H. G. Wells, marubucin da ya shahara a duniya. A littafinsa na 1895, na injin da ke tafiya cikin zamani, akwai wasu mutane masu zama a ƙarƙashin ƙasa suna yi wa na sama bauta, masana kuwa suna ganin ramukan Uppark ne ya tuna.

Allura Da Zare

Frances ba ta bar magaji na jini ba, saboda haka ta yi wasiyya gidan ya bi hannun wasu 'ya'yan abokan arziki, bisa sharaɗin su ɗauki sunan Fetherstonhaugh. Ta haka a 1931 ya zo hannun wani babban hafsan jiragen ruwa, Sir Herbert Meade, da matarsa Margaret. Suka tarar labule da rigunan kujeru, waɗanda suka haura shekara 150, sun yi baƙi, sun tsattsage, in an taɓa sai su marmashe. Kowa ya ce a zubar. Matar ta ce a'a. Ta nemi wani tsiro wanda in an dafa shi yakan yi kumfa kamar sabulu amma ba ya cin alharini, ta riƙa wanke su da shi a hankali. Sa'an nan ta shimfiɗa su, ita da mataimakanta, suna jera zare ɗaya bayan ɗaya suna ɗinke shi bisa sabon ƙyalle. Shekaru suka yi a kan wannan aiki, har wasu gidaje suka riƙa aiko mata da nasu. Ceto na biyu ke nan.

Amma allura ba ta biyan haraji. Bayan Yaƙin Duniya na 2 harajin gado ya yi nauyi ƙwarai a Ingila, barori suka yi tsada, aka rushe ɗaruruwan manyan gidajen ƙauye don masu su sun gaza. Akwai wata ƙungiya, National Trust, wadda aka kafa a 1895 don riƙe wuraren tarihi amana saboda jama'a duka. A 1954 iyalin suka miƙa mata Uppark, suka ci gaba da zama a benen sama, jama'a kuwa suna biya su shiga kallon ɗakunan ƙasa.

Ranar Gobara

Ran 30 ga Agusta 1989, da rana, baƙi na cikin gidan suna kallo, ma'aikata kuma na bisa rufi suna liƙin darma da wutar walda. Aikin shekara guda ne, saura kwana biyu a gama. Zafin wutar ya kama katakon da ke ƙarƙashin darmar, ba wanda ya lura sai da hayaƙi ya tashi. Kafin a ce kwabo rufi ya kama.

'Yan kwana-kwana suka zo daga lardi uku. Da aka ga ba dama a kashe wutar da wuri, sai aka koma ceton kaya. Ma'aikatan gidan da iyalin da maƙwabta da baƙin da suka zo kallo suka yi layi, hannu da hannu, ana miƙo zane-zane da kujeru da tangaran ana jerawa bisa ciyawa. Aka fizgo labulen nan da aka ɗinke da allura aka jefo su ta taga, aka ɗaye takardar ado daga bango. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta haka mafi yawan kayan ɗakunan ƙasa suka tsira, har da gidan 'yar tsana na Sarah. Amma benen sama da kayan iyalin duk suka ƙone, rufi ya rufto, adon farar ƙasa na zamanin Sir Matthew ya zube cikin toka da ruwa. Da gari ya waye sai bango huɗu da bututun hayaƙi.

A Gyara Ko A Bari?

Nan fa gardama ta tashi a jaridun Ingila, kuma gardama ce da ta cancanci ku yi tunani a kanta. Wasu suka ce a rushe abin da ya saura, ciyawa ta tsiro. Wasu suka ce a bar shi kango, ya zama abin tunawa. Wasu kuma suka ce a gyara bango a yi cikin irin na zamani, domin a ganinsu duk abin da hannun yau ya kwaikwaya jabu ne, kuma nuna wa jama'a sabon abu da sunan tsoho yaudara ce.

Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi, ba mu rena ta ba. Amma ƙungiyar ta duba abu uku. Na ɗaya, kayan ɗaki sun tsira, kuma don waɗannan ɗakuna aka saye su tun asali, in an kai su wani wuri sun zama marayu. Na biyu, da aka bincika sai aka ga bangon ɗakunan ƙasa da ƙofofi da katakon ado da yawa suna nan. Na uku, kuɗin inshora na mai da gida yadda yake ne, ba a iya karkatar da su ga wani aiki. Saboda haka aka yanke shawara a mai da Uppark kamar yadda yake ana gobe gobara, da tsufansa da koɗewarsa, kuma duk gutsuren asali da aka samu a mai da shi gurbinsa.

Tankaɗen Toka

Ba a kawo motar kwasar ƙasa ba. Aka raba kowane ɗaki gida-gida kamar dara, aka ba kowane gida lamba. Tokar kowane gida aka zuba ta cikin garwar shara mai wannan lamba, har garewani suka kai kusan 4,000. Sa'an nan aka zauna aka tankaɗe su da rariya, ana tsintar gutsuren ado, da ƙarau na fitilu, da ƙusoshi, da maɓallan ƙofa. Lambar ita ke nuna daga wane sashe na rufi gutsure ya faɗo. Aikin bai tafi ba hasara ba. Ran 25 ga Janairu 1990 wata babbar guguwa ta rushe rumfar ƙarfe da aka yi wa gidan don tsare shi daga ruwa, ma'aikata biyu suka rasa rayukansu.

Babbar wahala ita ce adon rufi. Maginan zamanin Sir Matthew da hannu suke fitar da ganye da fure, da farar ƙasa da yashi da gashin dabba, tun tana ɗanya. Wannan sana'a ta kusa mutuwa fiye da shekara 100, domin an koma zuba ado cikin mazubi. Dole magina suka koma 'yan koyo. Suka riƙa duba gutsuren da aka tsinto, suna lura da sawun yatsa da na wuƙar mutanen da, suna gwada kwaɓi iri iri har suka dace. Suka dasa tsofaffin gutsure a gurabensu bisa ga hotunan da aka ɗauka kafin gobara, suka cike tsakani da nasu. Haka masassaƙa suka yi, da masu shafa zinariya, da masaƙa. A jan ɗakin baƙi an buga sabuwar takardar bango an koɗar da launinta daidai da tsohuwar, aka haɗa su. A wasu wurare kuwa da gangan aka bar tabon wuta a daɓen katako, don kada a ɓoye wa mai kallo abin da ya faru. Wani magini ma ya rubuta a jikin bututun hayaƙi cewa yana cikin yin sa ne Margaret Thatcher ta sauka daga mulki, watau Nuwamba 1990. Wannan ita ce amsar masu cewa jabu: mai yin jabu ba ya sa kwanan wata.

Lambun ma, wanda motoci da rumfunan ma'aikata suka tattake, aka mai da shi bisa tsarin Repton. Aikin duka ya ci wajen fam miliyan 20, aka sake buɗe gidan a 1995. Kafin nan, a Nuwamba 1992, gobara ta kama fadar Windsor, sai ga shi dabarun da aka koya a Uppark da hannuwan da suka gwanance a can sun yi amfani wajen gyaranta. Gidan yana hannun National Trust har yau.

Abin Da Za Mu Ɗauka

Mun san da yawa cikinku burinku ku gama makaranta ku zauna a ofis da alƙalami, har wani yakan ji kunya a ce ubansa magini ne ko maƙeri. Ku dubi wannan tarihi. Wanda ya gina gidan ya ci amanar abokansa, wanda ya gaje shi ya kusa cinye shi a caca. Waɗanda suka tsare shi su ne mai aikin madara da ƙanwarta, da mace mai allura, da masu tankaɗen toka. Ku lura kuma da cewa kuɗin inshora suna nan tun ran fari, amma da ba a sami mai iya kwaɓa farar ƙasa ba, da fam miliyan 20 ba su fitar da ganye ɗaya a rufi ba. Sai dai ilmin makaranta ma ya yi nasa: da ba a sa lamba an rubuta an ɗauki hoto ba, da magina ba su san gurbin kowane gutsure ba. Alƙalami da hannu tare suka yi aikin.

Saboda haka ga aikin hutu. Kowa ya nemi tsohon gini a garinsu, ko zaure ne, ko masallaci, ko ƙofar gari. Ya auna shi, ya zana shi, ya tambayi dattawa wa ya gina shi, a zamanin wane sarki. Ya je wurin tsohon magini ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi yadda ake ɗaura bakan gizo da azara, da yadda ake haɗa makuba, ya rubuta abin da ya ji. Mutanen Uppark sun sami gutsure cikin toka suka koya daga gare shi. Ginin ƙasa kuwa in ya zube ƙasa yake komawa, tsoho kuma in ya kau da abin da ke kansa yake tafiya. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da muka gada, amin.